Ɗamarar Mutanen Tungar Maje

A wani zamani da ba shi da nisa ƙwarai, an yi wani ƙauye a gefen Kurmin Maje, ana ce masa Tungar Maje. Kurmi ne mai duhu, wanda in ka shiga da tsakar rana sai ka ɗaga kai kafin ka tabbata akwai rana. Mutanen ƙauyen duk a cikinsa suke ci, kuma kowa ya san iyakarsa. Mata ba su kaɗo kaɗanya sai ta faɗo da kanta. Masu gawayi ba su taɓa icen da yake da ganye. Masu zuma in sun gama su take wutarsu da ƙafa. Masu sassaƙe kuwa, wato masu ɗebo ɓawon itace don magani, dokarsu ta fi ta kowa tsanani. Ka yi wa itace sallama, ka sassaƙa kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, ka kwaɓa taɓo ka shafe wurin, sannan ka tafi. Ba a zagaye itace. Duk wanda aka kwashe wa ɓawo ya kewaye, ya mutu a tsaye.

Akwai kuma wata al'ada. In an yi haihuwa, ungozoma takan kai mabiyiya da cibiya gindin wani itace a kurmi ta binne, itacen nan ya zama na jaririn har ya tsufa.

Mai tsare wannan duka shi ne Sarkin Dawa Cindo, wani tsoho mai faɗan tsiya. Ranar da ya rasu aka yi ta kuka, amma da aka ce wa zai gaje shi, kowa ya sunkuyar da kai. Wai aiki ne na baƙin jini. Mai Gari Arzika ya ce a bari sai bayan kaka, kaka ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ana nan sai ga wani baƙo da babbar mota, ya ce yana sayen ɓawon madaci buhu-buhu. Tabɗi! Ai sai gari ya ruɗe. Wanda bai taɓa riƙe gizago ba ya aro. Aka daina sallama, aka daina taɓo, aka dinga feɗe madatai tun daga gindi har inda hannu ya kai. Masu gawayi suka ga babu mai magana, suka faɗa wa ɗanyar ƙirya. Allah wadan kwaɗayi.

Ciwon ya fara ne a jikin wani mai gawayi, Tanko. Fatar ƙugunsa ta bushe ta baya, ta tsage, ta zube, naman wurin ya yi fari kamar icen da aka feɗe. Ba jini, ba ruwa. Kullum abin yana ci gaba ta dama da hagu, yana nufo cibiya. Mutane suka sa masa suna ɗamara. Ranar da bakin biyu suka haɗu, Tanko yana tsaye a ƙofar gidansa yana magana, sai maganar ta tsaya. Aka taɓa shi aka ji ya ƙandare. Da aka zo ɗaukarsa, yaro ma zai iya ɗaga shi don rashin nauyi. Kafin a share makokinsa ɗamara ta fito wa mutane a kusan kowane gida.

A garin akwai wata mai sassaƙe, Ladingo, gwauruwa ce mai kaifin baki, ita kaɗai ta ƙi sayar wa baƙo ko ɓallin ɓawo. 'Yarta guda ce a duniya, Tabawa, tana auren wani saurayin banza mai suna Barau, ga ta da tsohon ciki. Wata safiya Tabawa ta zo ta ce, "Inna, duba mini bayana, ƙaiƙayi ya hana ni sakat." Ladingo ta ɗaga zanen ta duba. Ɗamara ce. Ta shafa duk maganin da ta sani, a banza. Abin ya ci gefe da gefe, har ya rage faɗin tafin hannu a kan cikin.

Ladingo ta ɗauki gorar ruwa ta nufi kurmi, wurin madacin da aka binne mabiyiyar Tabawa. Tun daga nesa ta hango farin jikinsa. An feɗe shi ya kewaye, sai wani ɗan zirin ɓawo mai faɗin tafin hannu da ya rage ta gabas. A gindinsa ga Barau yana ɗure buhu.

Ta ce, "Kai! Kai ne ka yi wannan?"

Ya ce, "Inna, ai kowa ma yi yake."

"Ka san na wane ne?"

"Itace ai itace ne, Inna."

Ta ce, "Na matarka ne, mara kunya! Cibiyarta tana ƙarƙashin ƙafarka!"

Barau ya yi tsuru-tsuru, ya saɓi buhunsa ya sulale. Ladingo ta zauna ta dafa madacin, ta yi masa sallama kamar yadda ta saba, ta fashe da kuka. Sai ta ji an amsa sallamar. Wani suri da yake kusa ya tsage biyu, wani tsoho ya fito, jikinsa duk jar ƙasa, gara tana shiga hancinsa tana fita ta kunne.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, an daɗe ba mu ji sallama a wannan kurmi ba. Ni ne Sarkin Gara. Mu ba mu cin mai rai, gawa muke kwashewa. Mutanenki sun tara mana gawa har jama'ata ta gaji da ci. Me ya kawo ki?"

Ta ce, "Ranka ya daɗe, 'yata nake nema wa rai."

Ya ce, "Wannan ba a hannuna yake ba, yana hannun Magajiyar Kurmi. Shiga nan. Kada ki juya, kada ki karɓi abin da ba ki san inda aka samo shi ba."

Ta sunkuya ta shiga surin. Ta yi ta rarrafe cikin rami, saiwoyi suna jan ɗankwalinta, har ta faɗo wata ƙasa wadda babu rana a samanta, sai wani haske ja-ja da ba a san inda yake fitowa ba. Ko'ina toka ce, ƙafa tana nutsewa har gwiwa, ga zafi. Ba ta yi nisa ba sai ta ga kututture suna tasowa, baƙaƙe ƙirin, hayaƙi yana fita daga kawunansu. Suka kewaye ta. Babbansu ya buɗe wata tsaga a jikinsa ya yi magana.

"Ya ke mai ƙafa biyu, mu ne ƙiryoyin da aka ƙone da ganyenmu. Har yanzu wutar ba ta mutu a cikinmu ba. Ki ba mu ruwa, ko mu rungume ki ki ji abin da muke ji."

Ladingo ta dubi 'yar gorarta, maƙogwaronta kuwa ya bushe ƙamas. Ta ce, "Ruwan ba shi da yawa, amma ku matso." Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗiga musu, kowanne ya yi cuu, ya yi ajiyar zuciya. Gora ta ƙare ƙaf. Suka dare suka ba ta hanya, babban ya ce, "Wuce. Ba ki kashe wutar ba, amma kin san akwai ta."

Daga nan ta iso bakin wani kogi. Ruwansa ja ne, mai kauri, yana tafiya a hankali, warin ɗaci yana tashi har ido ya yi hawaye. Babu kwalekwale, babu gada. A tsakiyarsa wata halitta ta ɗago kai, mai siffar mace, amma babu fata a jikinta ko kaɗan.

Ta ce, "Wannan jinin madatai ne, daga kurminku yake gangarowa. Ba a tsallake shi da baki a rufe. Ki sha cikin tafinki, in kin amayar, ya haɗiye ki."

Wayyo! Duk wanda ya taɓa kurɓar jiƙon madaci ya san abin da ake nufi, wannan kuwa ya ninka shi. Ladingo ta kamfata ta sha. Hanjinta ya murɗe, kunnuwanta suka toshe, ta toshe bakinta da hannu biyu ta danne. A cikin ɗacin nan ta ji saran gizago a jikinta, ta ji yadda ake ɓare ta ana dariya ana hira. Da ta buɗe ido, kogin ya janye ya zama iya idon sawu. Ta ratsa tana tangaɗi.

A ɗaya gefen kasuwa ce tana ci. Aljanu ne dogaye, masu yatsu kamar rassa, kowa da buhunansa a gaba, ana ta ciniki. Ta leƙa wani buhu don ta ga abin da ake sayarwa, sai ta ja da baya da salati. Fatun mutane ne, ziri-ziri, a bushe. Ta gane ta Tanko da tabon ƙunar da yake ƙugunsa. Wani ɗan kasuwa mai fara'a ya tare ta, ya zaro wani ziri mai taushi, sabon yanka.

Ya ce, "Baiwar Allah, ga ta 'yarki. Karɓi kyauta, ki koma ki liƙa mata, ki huta da wahala. Gaba babu daɗi."

Hannun Ladingo har ya miƙa. Wace uwa ce ba za ta miƙa ba? Sai ta tuna maganar Sarkin Gara, ta ce, "A ina ka samo?"

Ya ce, "Kai, mutanenki sun taɓa tambayar buhu inda ya fito?"

Ta ce, "Ni ina tambaya. Riƙe kayanka."

Fara'ar ta ɓace. Fatar da take hannunsa ta zama baƙin maciji ta sulale cikin buhu. Ladingo ta wuce, ba ta waiwaya ba.

Bayan kasuwa ta iske wani fili, marasa lafiya kwance jere-jere har iyakar gani, dogaye masu farin jiki, suna nishi. Ashe itatuwan da aka feɗe ne. A tsakiyarsu wata madaciya ce tsaye, wadda ba a ganin ƙarshenta, ga fuskar tsohuwa a jikinta. Ita ce Magajiyar Kurmi. Ladingo ta durƙusa ta yi gaisuwa.

Magajiya ta ce, "Ya ke 'yar Tungar Maje, kakanninku sun kawo mana cibiyoyinsu, muka riƙe amana. Mun ba ku inuwa da magani da mai da zuma. Kun saka mana da abin da kike gani. Ba mu aika muku ciwo ba. Igiya guda ce ta ɗaure mu, abin da ya sami ɗaya ya sami ɗaya. Yanzu me kike so?"

Ta ce, "Ranki ya daɗe, magani."

"Magani a jikina yake. Ga gizago, ɗebi."

Wani gizago ya faɗo gabanta. Duk marasa lafiyan nan suka zuba mata ido. Ladingo ta ɗaga kai neman rana don ta gane gabas, babu rana. Ta tsaya. Sai ta ajiye gizagon, ta bi jikin Magajiya tana shafawa da tafin hannu, ta kewaye ta. Ta san hadari daga gabas yake tasowa, gefen da ruwa yake duka ya fi kaushi da zurfin tsaga. Da hannunta ya faɗa kan wurin, ta yi sallama, ta sassaƙi ɗan kaɗan. Ta koma bayansa ta sassaƙi ɗan kaɗan. Sai ta nemi taɓo, babu, ga gora ba ruwa. Ta kwashi tokar da ta manne a ƙafarta, ta kwaɓa da hawaye da yawun da ɗaci ya tara mata, ta shafe wuraren biyu sumul.

Wata irin iska ta bi ta cikin filin, ashe numfashin marasa lafiyan ne. Magajiya ta ce, "Ashe da saura. To ji hukunci. Ga ƙoƙon laka daga gindina. Ki kai, a zuba a ramin taɓo, kowane gida ya kawo ruwa a kwaɓa. Duk itacen da bai riga ya mutu ba, a shafe masa rauninsa, ɗamarar mai shi za ta tsaya ta warke. Amma da sharaɗi. Hannun da ya sara, shi zai shafa. Na wani ba ya kamawa."

Ladingo ta ce, "In ba a sami hannun ba fa?"

Magajiya ta ce, "Kada Allah ya kai ki ga wannan tambaya. Raunin da babu hannunsa, ba ya rufuwa sai da fata mai rai, wadda mai ita ya bayar da kansa. Kuma abin da itace ya karɓa ba ya mayarwa."

Ƙasa ta motsa, Ladingo ta tsinci kanta a bakin surin nan da hantsi, ƙoƙo a hannunta, ashe ta yi kwanaki a can. Zirin ɓawon madacin Tabawa ya ƙanƙance, bai fi faɗin yatsa biyu ba.

Ta ruga ƙofar Mai Gari tana kururuwa, jama'a suka taru. Ta faɗi abin da ta gano. Wasu suka ce ta zautu. Wani ya ce ai wannan aikin Sarkin Dawa ne. Ladingo ta ce, "Wane Sarkin Dawa? Wanda kuka binne kuka ƙi gada? Babu mai shafa muku. Kowa ya san itacen da ya feɗe, kada wanda ya yi mini kallon bai sani ba!" Sai Mai Gari Arzika ya miƙe, ya ɗaga rigarsa a gaban kowa. Ashe shi ma ɗamara ta kusa cin rabinsa, yana ɓoyewa. Ya ce, "A ɗauko tuluna."

Ranar nan ba a hura wuta a Tungar Maje ba. Mata suna jido ruwa, tsofaffi suna kwaɓi, masu sara suna bin itatuwa da taɓo a ƙwarya, kowa yana neman ɓarnarsa. Abin kunya ya fito fili: wannan ya feɗe na ƙaninsa, wancan na uwarsa. Akwai waɗanda suka iske nasu ya riga ya bushe, suka zauna a gindi suna kuka, don babu abin yi. Sauran kuwa, ana shafawa sai a jiyo guɗa daga gari, an ce ɗamarar wane ta tsaya.

Ladingo ba ta tsaya kallo ba, gidan surukinta ta nufa. Ta tarar naƙuda ta kama Tabawa, ungozoma Delu tana riƙe da ita, ɗamara kuwa saura ƙiris ta haɗe a kan cibiya.

Ta ce, "Ina mijin naki?"

Tabawa ta ce, "Inna, tun ranar da kika shiga kurmi ya hau motar baƙon nan. Ya ce ba zai iya kallona ba."

Kai, Allah ya isa! Ba zai iya kallo ba, amma ya iya sara. Aka tura masu keke hanyar birni, Ladingo ta san ko tsuntsaye ne ba za su dawo da shi kan lokaci ba. Duk da haka ta kwashi taɓo ta koma kurmi, ta shafa wa madacin da hannunta. Ya zame ya faɗi. Ta sake, ya sake zubewa. Mai Gari ya gwada, maza suka gwada, taɓo ya ƙi zama. Zirin ɓawon yana tsukewa suna kallo.

Ladingo ta wanke hannunta. Ta kwance ɗankwalinta ta ba wata maƙwabciyarta, ta ce, "Ki kai wa Delu, a goya abin da za a haifa da shi. Ki ce wa Tabawa kada ta yarda a kai mabiyiyar ko'ina sai nan." Ta juya ga Mai Gari. "Ranka ya daɗe, ku naɗa Sarkin Dawa kafin ku bar wurin nan. In kun sake cewa sai bayan kaka, ban yafe ba."

Mai Gari ya ce, "Ladingo, me za ki yi?"

Ta yi wa madacin sallama, ta tsaya ta gabas, ta manna ƙirjinta a kan farin raunin, ta zagaya hannuwanta. Itacen ya fi ƙarfin hannun mutum biyu, amma jama'a suna gani hannuwan suka yi ta tsawo har yatsunta suka sarƙe ta baya. Ta yi ƙara sau ɗaya. Maza suka ruga su ɓamɓare ta, suka ji ba fata suke taɓawa ba. Kaushi ya hau ƙafafunta, ya hau bayanta, ya rufe wuyanta. Bakinta yana motsi har ƙarshe, na kusa sun ce sunan 'yarta take kira.

Can daga gari aka rangaɗa guɗa. Tabawa ta sauka, mace, ɗamara kuma ta tsaya, saura kaurin zare ta haɗe. A kurmi babu wanda ya amsa guɗar. A nan tsaye suka naɗa ƙanin marigayi Tanko Sarkin Dawa, ya karɓa yana kuka.

Da la'asar Delu ta zo da mabiyiya a cikin ƙoƙo. Tabawa ta ƙi zama a ɗaki, duk da an hana ta, ta biyo ta tana dafa mutane, jaririya a naɗe cikin ɗankwalin. Babu wanda ya iya gaya mata, ba ta kuma tambaya ba. Ta tsaya gaban madacin ta dubi kumburin da ya kewaye shi, ta bi shi da hannu har ta baya, inda yatsu goma suke a sarƙe. Akwai ɗan karkataccen yatsan da gizago ya taɓa sara tun Tabawa tana yarinya. Ta daɗe tana riƙe da shi.

Sannan ta dawo ta gabas, ta ɗaga jaririyar daidai inda fuska take, ta ce, "Salamu alaikum, Inna. Ga ta na kawo miki."

Ganyen madacin duka ya motsa, alhali ko iska babu. Delu ta durƙusa ta fara haƙa.